Shin ya halatta Kirista ya yi murnar mutuwar maƙiyinsa?

A daren Lahadi 1 ga watan Mayun 2011, shugaban Amurka na wancan lokaci, Barack Obama, ya fito a talabijin ya sanar da cewa sojojin ƙasarsa sun kashe Usama bin Laden a wani gida da ke garin Abbottabad na ƙasar Pakistan. Tun kafin ya kammala jawabin, jama'a suka fara tururuwa zuwa ƙofar fadar White House a birnin Washington. A New York ma haka aka yi, inda aka taru kusa da filin da dogayen benayen nan biyu suka rushe a harin 11 ga Satumban 2001, wanda ya ci rayuka kusan 3,000. An raba dare ana kaɗa tutoci ana rera waƙoƙi.

Da gari ya waye sai muhawara ta ɓarke a majami'u da jaridu. A ƙasar da mafi yawan jama'arta Kiristoci ne, mutane suka shiga tambaya ko addininsu ya yarda da irin wannan shagali. Har yau tambayar tana dawowa duk lokacin da aka ba da labarin mutuwar wani jagoran ƴan bindiga, kuma a yankin Sahel irin wannan labari ba baƙo ba ne. Hoton gawa kan zaga wayoyin jama'a ta WhatsApp cikin ƴan mintoci, a ƙarƙashinsa wani ya rubuta "Allah ya ƙara".

Amsar da akasarin malaman coci suka tsaya a kai ita ce: an yarda mutum ya ji sauƙi, ya gode wa Allah saboda ɓarna ta tsaya, amma an hana shi jin daɗin halakar ɗan Adam, komai muguntarsa. Yadda aka kai ga wannan amsa yana buƙatar bayani, domin shi kansa Littafi Mai Tsarki yana ɗauke da ayoyin da kowane ɓangare ke kafa hujja da su.

Yadda kawunan Kiristoci suka rabu a 2011

Ba a yi baki ɗaya ba a wancan mako. Mike Huckabee, tsohon gwamnan jihar Arkansas wanda ya taɓa zama fasto a cocin Baptist, ya fitar da sanarwa yana yi wa Bin Laden maraba da shiga jahannama. Wata babbar jaridar New York ta cika shafinta na farko da irin wannan fata.

Fadar Batikan ta bi wata hanya daban. Kakakinta, Fada Federico Lombardi, bai wanke Bin Laden ba: ya ce yana da babban alhaki wajen shuka gaba tsakanin al'ummomi, da halaka mutane masu ɗimbin yawa, da fakewa da addini don yin hakan. Sai dai ya ƙara da cewa Kirista ba ya murna idan mutum ya mutu. Abin da ya kamace shi a cewarsa shi ne ya yi tunani kan nauyin da ke kan kowa a gaban Allah da mutane, ya kuma yi ƙoƙarin kada lamarin ya zama sanadin ƙarin ƙiyayya.

A Ingila, shugaban cocin Anglika na lokacin, Rowan Williams, ya ce kashe mutumin da ba ya riƙe da makami abu ne da ke barin damuwa a zuciya, domin ba a ga an bi hanyar shari'a ba. A Jamus kuwa, Angela Merkel, wadda ƴar fasto ce kuma take jagorantar jam'iyyar da ke ɗauke da sunan Kirista, ta ce ta yi farin ciki da aka yi nasarar kashe shi. Maganar ta jawo mata suka daga malaman coci da ma wasu ƴan jam'iyyarta, har wani alƙali a birnin Hamburg ya shigar da ƙorafi a kanta. Wani binciken jin ra'ayi da cibiyar PRRI ta yi a Amurka cikin kwanakin ya nuna kimanin mutum 6 cikin 10 na ganin bai dace a yi bikin mutuwar ɗan Adam ba, ko wane ne shi.

Muryoyi biyu a Tsohon Alkawari

Masu hana murna sukan fara da littafin Karin Magana, sura 24 aya 17 da 18. Wurin ya gargaɗi mutum kada ya ji daɗi in abokin gabarsa ya faɗi, ya kuma nuna cewa Allah na ganin irin wannan jin daɗi kuma ba ya son sa. Suna ƙarawa da littafin annabi Ezekiyel, sura 18 da 33, inda aka bayyana cewa mutuwar mugu ba ta faranta wa Allah rai, abin da yake so shi ne mugun ya tuba ya rayu. Ayuba ma, da yake lissafa laifuffukan da bai aikata ba a sura 31, ya sa murnar masifar maƙiyi a cikinsu.

Ɗaya ɓangaren shi ma da hujjarsa. A cikin wannan littafi na Karin Magana, sura 11 aya 10 ta ambaci yadda gari ke ɗaukar sowa idan miyagu suka halaka. A littafin Fitowa sura 15, bayan rundunar Fir'auna ta nutse a teku, Musa da jama'arsa sun rera waƙar yabo, Maryamu ƴar'uwarsa ta jagoranci mata da kiɗa da rawa. Akwai zaburori, irin ta 58, da ke roƙon Allah ya karya azzalumai da kalmomi masu zafin gaske. Ko a ƙarshen Sabon Alkawari, littafin Wahayi sura 18 da 19 ya nuna ana yabo a sama saboda faɗuwar Babila, birnin da ke wakiltar mulkin zalunci.

Masana tafsiri na bin hanyoyi da dama wajen daidaita waɗannan wurare. Na farko, sukan lura cewa ayar sura 11 tana ba da labarin abin da mutane kan yi ne, ita kuwa ta sura 24 umarni ce. Na biyu, waƙar Musa ga Allah aka rera ta, kuma masu rera ta bayi ne da suka gudo, aka biyo su da karusai. Abin da suke yabo a kai shi ne tsirar da suka yi. Na uku, zaburorin masu zafi addu'o'i ne: wanda aka zalunta yana kai fushinsa gaban Allah, yana bar masa hukunci. Shi kuma yabon da ke littafin Wahayi ya biyo bayan hukuncin ƙarshe ne, wanda Allah kaɗai ya san gaskiyar kowa a cikinsa.

Malaman Yahudawa ma sun ji nauyin wannan batu. A cikin Talmud akwai ruwayar da ke cewa mala'iku sun so su yi waƙa lokacin da Misirawa ke nutsewa, Allah ya tsawata musu saboda halittunsa ne ke mutuwa.

Labarin da ya fi fito da batun fili shi ne na Dawuda. Sarki Saul ya daɗe yana farautarsa don ya kashe shi, sau biyu kuma Dawuda ya sami damar gamawa da shi ya ƙyale shi. Da Saul ya mutu a yaƙi a kan dutsen Gilbowa, hanyar sarauta ta buɗe wa Dawuda. Duk da haka littafin Sama'ila na biyu ya ce ya yage tufafinsa, ya yi azumi har yamma, ya tsara waƙar makoki. Mutumin da ya kawo labarin yana tsammanin tukwici, har yana iƙirarin shi ya ƙarasa Saul, kisa ya samu a madadin tukwicin. Daga baya Dawuda ya aika da godiya ga mutanen da suka binne Saul.

Amma akwai wani labarin a littafin da ke nuna iyakar makoki. Lokacin da ɗansa Absalom ya yi masa tawaye aka kashe shi, Dawuda ya shige ɗaki yana kuka, har sojojin da suka ci nasara suka shigo gari a saɓule kamar waɗanda aka kora daga fagen fama. Yowab, shugaban rundunar, ya same shi ya faɗa masa cewa ya kunyata mutanen da suka ceci ransa da na iyalinsa. Dawuda ya tashi ya fita ƙofar gari ya karɓe su. Darasin da ake ɗauka a nan shi ne, ƙin yin murnar mutuwar maƙiyi bai ba mutum damar raina waɗanda suka sa ransu a haɗari don kare jama'a ba.

Abin da Yesu ya koyar

Ga Kirista, ma'aunin ƙarshe shi ne koyarwa da halin Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa. A cikin Huɗubar Kan Dutse, Matiyu sura 5, ya umarci mabiyansa su ƙaunaci maƙiyansu, su yi wa masu tsananta musu addu'a. Dalilin da ya bayar shi ne Allah da kansa ba ya hana mugu rana ko ruwan sama. Lokacin da yake faɗin haka ƙasarsa tana ƙarƙashin mamayar Romawa, masu sauraronsa kuwa sun san sojan da ke tilasta musu ɗaukar kaya da mai karɓar harajin da ke tatsarsu.

Linjilar Luka ta kawo wurare da suka shafi batun kai tsaye. A sura 9, wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓar Yesu, sai almajiransa biyu, Yakubu da Yahaya, suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ya tsawata musu. A sura 13, an kawo masa labarin wasu Galilawa da gwamna Bilatus ya kashe, shi kuma ya tuna musu da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Ya ƙi yarda da cewa waɗanda suka mutu sun fi sauran zunubi, ya juya maganar kan masu sauraro: kowa ya duba kansa ya tuba. A sura 19 ya yi kuka saboda birnin Urushalima, alhali ya san a can za a kashe shi. A sura 23, bisa ga imanin Kirista, ya roƙa wa masu gicciye shi gafara.

Akwai kuma hujjar da fastoci kan yawan kawowa daga littafin Ayyukan Manzanni. Istifanas, Kirista na farko da aka kashe saboda imaninsa, ya mutu yana roƙon kada a ɗora wa masu jifansa alhakin. Cikin waɗanda suka goyi bayan kisan akwai wani saurayi mai suna Shawulu, wanda ya ci gaba da bin gida-gida yana kama Kiristoci. Shi ne daga baya ya zama Manzo Bulus, wanda littattafai 13 cikin 27 na Sabon Alkawari ke ɗauke da sunansa. Da ya mutu a kan hanyar Dimashƙa kafin ya tuba, da wataƙila wasu Kiristocin Urushalima sun yi ajiyar zuciya, ba tare da sanin abin da suka rasa ba.

A nan ne tushen haramcin yake. A akidar Kirista, kowane mutum an halicce shi cikin kamannin Allah, kuma mugunta ba ta goge wannan daraja gaba ɗaya. Mutuwa tana rufe ƙofar tuba. Luka sura 15 ta ce abin da ke jawo farin ciki a sama shi ne tuban mai zunubi ko da ɗaya ne. Saboda haka wanda ya mutu yana kan ta'asarsa, a idon wannan akida, asara ce. Bulus ɗin nan ne kuma ya rubuta wa Kiristocin Roma, a sura 12, cewa su bar wa Allah ramuwa, su ciyar da maƙiyi in yana jin yunwa.

Coci ba kullum ta bi koyarwar ba

Tarihi ya nuna Kiristoci sun sha kauce wa wannan layi. A farkon ƙarni na 4, bayan an daina tsananta wa Kiristoci a daular Roma, wani marubuci ɗan arewacin Afirka mai suna Lactantius ya rubuta littafi sukutum kan munanan mutuwar sarakunan da suka gallaza musu, yana bayyana cututtukansu dalla-dalla a matsayin sakayya. A watan Agustan 1572, aka yi wa dubban Furotesta kisan gilla a Paris da wasu biranen Faransa, abin da ake kira kisan ranar Saint-Barthélemy. Paparoma Gregory na 13 ya sa aka yi addu'ar godiya a Roma, aka kuma buga lambar tunawa. Sai bayan shekaru 425, a watan Agustan 1997, Paparoma John Paul na 2 ya tsaya a Paris ya amsa cewa Kiristoci sun aikata abin da Linjila ta haramta. Wannan misali yana nuna haɗarin da ke cikin lamarin: waɗanda aka yi bikin mutuwarsu a matsayin maƙiyan Allah, Kiristoci ne su ma.

Akwai kuma misalan da suka bi koyarwar. Augustin, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, yana cikin manyan malaman da coci ta taɓa yi. Lokacin da wasu ƴan ɓangaren da ke gaba da cocinsa suka kashe wani limaminsa, suka kuma nakasa wani, ya rubuta wa jami'in daular da ke shari'ar yana roƙon kada a yanke musu hukuncin kisa. Bai ce a sake su ba. Ya nemi a hana su sake ɓarna, a kuma bar musu rai ko sa tuba.

John Paul na 2 da kansa ya gwada haka. Ranar 13 ga Mayun 1981 wani ɗan Turkiyya, Mehmet Ali Agca, ya harbe shi a dandalin Saint-Pierre. Ya yafe masa tun yana gadon asibiti, ya kuma ziyarce shi a kurkuku a watan Disamban 1983. Amma yafiyar ba ta soke shari'a ba: Agca ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000, sannan aka miƙa shi ga Turkiyya inda ya yi wasu shekarun. Wani abin lura shi ne, ranar da Obama ya yi sanarwarsa, 1 ga Mayun 2011, ita ce ranar da aka yi bikin ɗaga darajar wannan Paparoma zuwa matsayin mai albarka a Roma.

Ina adalci, ina haƙƙin waɗanda aka zalunta?

Ƙorafin da aka fi yi wa wannan koyarwa shi ne tana ɗora wa wanda aka cuta kaya mai nauyi. Matar da aka kashe mijinta a gabanta, ko uban da aka sace ƴarsa, a ce masa kada ya yi murna da mutuwar wanda ya yi masa haka?

Malaman coci na amsawa ta fuska biyu. Ta farko, hana murna ba hana adalci ba ne. Romawa sura 13, wadda ke biye da surar da ta hana ramuwa, ta ce hukuma tana da ikon hukunta mai laifi. A kan haka ne Augustin, da Thomas d'Aquin bayansa a ƙarni na 13, suka shimfiɗa sharuɗɗan yaƙin da ya halatta. Littafin koyarwar cocin Katolika ya ce kare rayukan jama'a wajibi ne a kan wanda aka ɗora wa amanarsu, ko da hakan zai kai ga amfani da makami, ya kuma ce ƙin mutum da gangan har a yi masa fatan sharri babban zunubi ne. A 2018 Paparoma Francis ya sauya sashen da ya shafi hukuncin kisa, ya ce ba abin karɓa ba ne. Wasu majami'u kuma, irin su Mennonite da Amish da Brethren, sun ƙi ɗaukar makami kwata-kwata. Duk da wannan saɓani kan yaƙi, ɓangarorin sun haɗu a kan cewa ko kisan da ya zama tilas ba abin biki ba ne. Dietrich Bonhoeffer, faston Jamus da ya shiga cikin masu ƙulla kawar da Hitler kuma aka rataye shi ranar 9 ga Afrilun 1945, bai ɗauki abin da ya shiga a matsayin aikin alfahari ba. Ya ɗauke shi nauyi ne da mutum ke ɗauka yana neman jinƙan Allah.

Ta biyu, ba a cewa wanda aka zalunta ya yi ƙaryar baƙin ciki. Sauƙin da zuciya ke ji idan tsoro ya kau abu ne na ɗabi'a, kuma godiya ga Allah a kansa daidai ne. Hasali ma littafin Wahayi sura 6 ya nuna waɗanda aka kashe saboda imaninsu suna kuka ga Allah kan jinkirin sakayya. Abin da ake nema shi ne mutum ya binciki abin da yake murna da shi. Hanya ɗaya ta ganewa ita ce ya tambayi kansa: da an kama mutumin da rai aka gurfanar da shi, ko da ya ajiye makami ya tuba da gaske, shin farin cikin zai kai haka? In zai kai, to zaman lafiya ake wa murna. In kuwa tuban zai ɓata wa mutum rai, to ya shiga halin annabi Yunusa, wanda Littafi Mai Tsarki ya ce ya yi fushi da mutanen Nineba suka tuba aka fasa halaka su.

Al'ummar Amish ta Amurka ta nuna yadda hakan ke kasancewa a aikace. Ranar 2 ga Oktoban 2006, wani direban motar madara ya shiga ƴar makarantarsu a Nickel Mines, jihar Pennsylvania, ya harbi ƴan mata 10, biyar suka mutu, sannan ya kashe kansa. A ranar, wasu daga cikinsu suka je yi wa iyalinsa jaje. Da aka zo binne shi, Amish da dama sun halarta, daga baya kuma aka ba matarsa da ƴaƴansa wani kaso na gudummawar da aka tara. Wasu sun soke su da cewa sun yi gaggawar yafiya. Su kuwa ba su ce zafin ya wuce ba, sun dai ƙi bari ya zama gaba.

Yadda batun ya shafi Nijar da maƙwabta

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'ummar Nijar ba bisa ƙidayar 2012, amma tambayar ba ta nesa ba ce a gare su. Ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, zanga-zangar adawa da zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta rikiɗe zuwa tarzoma a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka mutu, ƴan sanda kuma suka ce an ƙona majami'u 45 a Yamai. A wurare da dama Musulmi ne suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci, shugabannin coci kuma suka yi kira ga yafiya da kauce wa ramuwa. A watan Yunin 2019 ma an cinna wa wata coci wuta a Maraɗi. Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya da aka sace a Bomoanga cikin yankin Makalondi a watan Satumban 2018, ya kwashe sama da shekara biyu a hannun ƴan bindiga kafin a sako shi a Mali a Oktoban 2020. Bayan fitowarsa ya bayyana cewa ya yafe wa waɗanda suka tsare shi.

A Najeriya, cocin da ta fi ɗanɗana kuɗarta a hannun Boko Haram ita ce Ekklesiyar Ƴan'uwa a Najeriya, EYN, wadda ta samo asali daga Brethren masu ƙin ɗaukar makami. Akasarin ɗalibai 276 da aka sace a Chibok a Afrilun 2014 ƴaƴanta ne, an mamaye hedkwatarta da ke kusa da Mubi a wannan shekara, an kuma kashe fastonta Lawan Andimi a Janairun 2020. Duk da haka cocin ba ta janye koyarwarta ta zaman lafiya ba.

Da labarin mutuwar Abubakar Shekau ya fito a watan Mayun 2021, bayan artabu da ɓangaren ISWAP a dajin Sambisa, ba Kiristoci kaɗai suka yi ajiyar zuciya ba. Ƙungiyarsa ta kai hari coci a Madalla ranar Kirsimetin 2011, an kuma ɗora mata harin babban masallacin Kano na Nuwamban 2014 da ya kashe mutum sama da 100, ga mutanen Difa da Bosso da ta raba da gidajensu tun 2015. Sai dai abin da ya biyo baya ya tabbatar da karin maganar nan, ba a rabu da Bukar ba an haifi Habu: hare-hare ba su tsaya ba a yankin tafkin Chadi, kamar yadda mutuwar Bin Laden ba ta hana rassan Al-Ƙa'ida yaɗuwa a Sahel ba.

Musulmi masu karanta wannan bayani za su ga wani abu da suka sani. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya bayyana mutuwar fajiri a matsayin hutu ga mutane da ƙasa da itatuwa da dabbobi. Sun kuma ruwaito cewa ya miƙe tsaye da aka wuce da gawar wani Bayahude, ya nuna cewa shi ma rai ne. Akwai kuma hadisin Buhari da ya hana zagin matattu. Malaman Musulunci suna da nasu bayanin kan iyakar farin ciki da mutuwar azzalumi, amma batun bambanta hutun da jama'a suka samu da cin mutuncin gawa sananne ne a addinan biyu. Al'adar Bahaushe ma ta san shi: ko wanda ake gaba da shi ya rasu, akan je gaisuwa a ce Allah ya ba da haƙuri, domin mutuwa rigar kowa ce.

A aikace, abin da wannan koyarwa ke nema daga Kirista idan irin wannan labari ya iso shi bai da yawa, ko da yake yana da wuya. Ya fara tuna waɗanda mamacin ya kashe da marayun da ya bari, ya yi musu addu'a, in da hali ya taimaka musu. Ya gode wa Allah da jami'an tsaron da suka tsayar da ɓarnar. Kada ya yanke wa mamacin makoma a lahira, domin wannan ba hurumin ɗan Adam ba ne. Idan hoton gawar ya shigo wayarsa, kada ya tura wa wani. Sannan ya ci gaba da yi wa mabiyan da suka rage a daji addu'ar shiriya, musamman yaran da aka ɗauka da ƙarfi ko aka ruɗa da kuɗi, waɗanda da yawansu ƴaƴan ƙauyukan yankin ne kuma iyayensu na nan suna jiran dawowarsu.